Raket mai ƙarfi don mai kai hari a padel: daimon ko ɗigon ruwa?

Dogon_hagu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in canza raket.

A gefen hagu nake buga padel (wasa mai kama da tanis, biyu da biyu, a fili mai bangon gilashi), wato ni ake sa ran zan kashe ƙwallo idan ta tashi sama. Daga tanis na fito, saboda haka hannuna ya saba da dukan sama tun tuni. Raket ɗin da nake riƙe da shi yanzu mai zagaye ne, gram 360, robar cikinsa mai laushi, fuskarsa faiba. Wajen tsaro da ɗauko ƙwallo daga gilashi ba ni da abin cewa a kansa. Matsalar tana zuwa ne idan aka ɗaga min globo (ƙwallon da ake cillawa sama don ta haye kan mutum) gajere na sake mata hannu. Sai in ji raket ɗin ya shanye dukan. Ƙwallon ta bugi gilashin baya ta tsaya a nan, abokin karawa ya tako a tsanake ya mayar min. Por tres kuwa, wato dukan da ke fitar da ƙwallo daga fili ta saman shingen gefe, sai dai in gani a hannun wasu.

Waɗanda nake dubawa su ne Bullpadel Vertex, Adidas Metalbone, Babolat Technical Viper, sai Nox AT10. Ukun farko siffar daimon ne, na ƙarshen ya fi kama da ɗigon ruwa. In tsallaka kai tsaye zuwa daimon, ko in tsaya a tsakiya? Gram nawa ya dace? Sannan wannan 12K da 18K da ake rubutawa a jiki, wanne ya fi tauri? Kowa na tambaya amsarsa daban.

Bahago:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da hannunka yake gaya maka gaskiya ne. Roba mai laushi tana taimakon mai bugu a hankali: ƙwallo ta nutsa a fuskar raket, robar ta cillo ta, shi ya sa kake jin daɗin tsaro. Amma da zarar ka saki hannu da gaske, robar ta lotsa sosai, wani kaso na ƙarfinka ya mutu a ciki. Mai tauri ba ya yi maka kyauta a bugun hankali, sai dai abin da ka zuba masa a simash, wato dukan sama mai ƙarfi, shi zai fitar. Don haka a ganina, kafin a zo maganar siffa, robar ciki ce matsalarka ta farko. Nemi robar EVA mai tauri, ko matsakaici da ya karkata ga tauri, da fuskar kabon a maimakon faiba. Wannan kaɗai zai canza simash ɗinka ko da siffar ba ta canza sosai ba.

Yanzu siffa. Dokar wasan ta ƙayyade girman raket: tsawo kada ya wuce santimita 45.5, faɗi 26, kauri milimita 38. Duk kamfanonin nan a cikin wannan iyaka suke aiki, babu mai iya ba ka wanda ya fi na wani tsawo. Abin da suke wasa da shi shi ne inda nauyin ya zauna. Daimon yana tura shi can sama wajen kai. Kana iya gwadawa da kanka: ɗora raket a kwance kan yatsa har ya daidaita, ka auna daga gindin mariƙi zuwa wurin. Irin naka mai zagaye galibi za ka samu wajen santimita 25 da rabi. Na masu kai hari yana kaiwa wajen 27. A takarda bambancin ba komai ba ne, a hannu kuwa babba ne. Kamar guduma ce, nauyin da ke can ƙarshe shi ke nutsar da ƙusa, shi ne kuma ke sa hannu ya makara idan ana son juya ta da sauri.

Kuma ba nauyi kaɗai ke hawa sama ba, cibiyar bugu, wato wurin da ƙwallo ta fi fita da kyau a fuskar raket, ita ma tana hawa, tana kuma ƙanƙancewa. A simash wannan alheri ne, domin da ma da saman fuska ake dukan ƙwallon sama. Amma ka tuna lokacin da kake bakin raga, mutum ya harbo maka ƙwallo saitin ciki, ba ka da lokacin ja da hannu. Ko ƙwallon da ta shiga kusurwa, ta taɓa gilashi biyu, ta fito ƙasa-ƙasa dab da ƙafarka. A irin waɗannan sau da yawa kusa da wuyan raket take sauka. Mai zagaye zai rufa maka asiri ta haye raga. Daimon mai tauri zai bar ta ta mutu a gabanka, girgizar kuma ta bi hannunka har gwiwa.

Abin da nake so ka yi kafin ka sayi komai: a wasanka na gaba, ka sa wani ya zauna a waje ya lura da cikakken simash nawa ka samu, idan aka kwatanta da bandeja (dukan sama na sarrafa ƙwallo, ba na kashewa ba), víbora (dukan sama mai yankan gefe) da bugun bakin raga. Duk sadda abokan karawa suka ƙara gogewa, globo gajere ƙara ƙaranci yake yi. Suna ɗaga ta ne can baya, inda babu abin yi sai bandeja don kada ka rasa raga. Idan yawancin abin da kake bugawa ke nan, kada ka sayi raket saboda 'yan ƙwallaye kaɗan ka sha wahala a sauran.

Dubi manyan 'yan padel na duniya ma. Alejandro Galán da Metalbone, Juan Lebrón da Viper, Paquito Navarro da Hack, duka daimon. Amma AT10 da aka san Agustín Tapia da shi ɗigon ruwa ne, kuma ban ga wanda zai ce Tapia ba ya fitar da ƙwallo daga fili ba. Shi da Arturo Coello suka hau matsayi na ɗaya a duniya a 2023. Sannan waɗannan mutane wasan shi ne sana'arsu, suna da masu horar da jikinsu. Kafaɗarsu ba irin tamu ba ce.

Nauyi kuwa, kada lambar gram ta ruɗe ka. Gram 365 mai nauyi a kai ya fi gram 375 mai nauyi a hannu gajiyarwa. Tunda daga 360 ka fito, ni da zan ce ka tsaya tsakanin 360 da 368 kafin a naɗa masa komai. Kowane tef da ka ƙara a mariƙi yana kawo gram 5 zuwa 6, robar kare baki da ake mannawa a kai ita ma tana da nata, kuma ita a wuri mafi tasiri take zama. Kamfanoni ma ba lamba ɗaya suke rubutawa ba, za ka ga an sa 360 zuwa 375 a kan samfuri guda. Biyu iri ɗaya na iya bambanta da gram goma. Ka sa a ɗora maka wanda za ka ɗauka a kan sikeli.

In ni ne kai, ɗigon ruwa mai tauri zan fara ɗauka.

Mai_por_tres:

Malam Bahago, da girmamawa, ka cika tsoratar da shi. Mutumin nan ya ce daga tanis ya fito kuma a hagu yake wasa. Wanda ya saba lilo da raket ɗin tanis, mai tsawo kusan santimita 69, ba daimon ne zai karya masa hannu ba. Makonnin farko zai zubar da ƙwallaye a baya, wannan babu musu, amma hannu yana sabawa. Ɗan hagu da ba a tsoron simash ɗinsa kuwa ya ba abokan karawa lasisin ɗaga globo yadda suka ga dama. In sun san gajere ɗaya zai jawo musu asarar maki, sai su riƙa matsa ta baya har ta bugi gilashi kai tsaye makin ya zama naka. Wannan ribar ba ta fitowa a ƙidayar da ka ce a yi.

Inda zan ja kunnen Dogo shi ne por tres. Wannan ba raket ke yin ta ba. Shingen gefe mita 3 ne, kuma abin da ke haurar da ƙwallo a kansa juyi ne, ba tsabar ƙarfi ba. Ka tsaya a kaikaice, ka bar ƙwallon ta zo saman kanka, ka goge ta daga ƙasa zuwa sama da gefe, irin sabis ɗin tanis mai tsalle. In ta sauka ta tashi ta bugi gilashin baya a sama, juyin zai kwashe ta ya fitar ta gefe. 'Yan tanis da yawa a miƙe suke dukan ta, shi ya sa take dawowa tsakiyar fili. Dukan miƙe yana da wurinsa, idan kana dab da raga kana son por cuatro, ka buga ta ƙasa ta haure bangon baya mai mita 4, ko kana son ta bugi gilashi ta dawo gefenku. Fuska mai kaushi tana ɗan taimaka wa juyi. Ka dai sani cewa kaushin da aka yi da feshi mai kama da yashi yana gogewa da amfani, wanda aka zana a jikin fuskar ya fi daɗewa.

Dogon_hagu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam Mai_por_tres, ka kama ni, a miƙe nake duka. Abu ɗaya da ban faɗa ba: wani lokaci bayan dogon wasa nakan ji ɗan zafi a wajen gwiwar hannuna ta dama, amma kafin gari ya waye ya tafi. Kuma har yanzu ina jiran amsar 12K da 18K.

Uwar_bandeja:

Yaya Dogo, wannan ɗan zafin da ka ajiye a ƙarshe shi ya kamata ka fara faɗa. Ni ma na taɓa komawa wani raket mai tauri mai nauyi a kai, ba zan kira sunansa ba don ba laifinsa ba ne, ya dace da wasu. Abin ya fara min kamar naka, daga baya ko murɗa hannun ƙofa sai na ji shi. Jijiyoyin da ke ɗaga wuyan hannu a nan wajen gwiwa suke manne, kuma su ke shan girgiza duk sadda ƙwallo ta sauka a gefen cibiya. Kana shirin ƙara tauri, ka ƙara nauyin kai, ka rage cibiya, duk a lokaci guda. Ka je likitan gashin ƙashi ya duba hannun tukuna. Ka kuma duba kaurin mariƙinka, domin in ya yi maka siriri kana matse shi fiye da ƙima ba ka sani ba.

Wani abu da ba a ambata ba shi ne yanayi. Robar EVA tana ƙara tauri a sanyi, tana sakin jiki a zafi, ƙwallon ma ta fi tsalle a zafi. Raket ɗin da ka gwada da rana ka ji shi daidai, in ka ɗauke shi da dare mai sanyi da laima zai zame maka wani abu daban. Kada kuma a bar shi cikin mota a rana.

Bahago:

Hajiya ta gama magana a kan gwiwa, kuma wannan ya ƙara min nauyi a kan ɗigon ruwa. Malam Mai_por_tres, na yarda da maganar tsoro, gaskiya ce, amma mai ciwon hannu ba ya tsorata kowa.

Batun K: adadin zaruruwan kabon ne a kowane dami na saƙar fuskar, 3K dubu uku, 12K dubu goma sha biyu, 18K dubu goma sha takwas. Lambar ita kaɗai ba ta nuna tauri. Yawan ninkin da aka shimfiɗa, irin gam ɗin da aka haɗa su da shi, da robar da ke ƙarƙashi duk suna da hannu a ciki. Shi ya sa amsoshin da kake samu suke saɓawa, kowa da kamfanin da ya riƙe. A cikin kamfani ɗaya kana iya kwatanta 12K da 18K ɗinsu ka ji bambanci, amma 18K na wannan da 18K na wancan ba lallai su yi kama ba. Danna fuskar da babban yatsa, ka ɗan bubbuga ƙwallo ka saurari ƙarar, ya fi karanta lambar.

In har zuciyarka na kan daimon, Metalbone yana da ƙananan notuna da ake cirewa ko a mayar don sauya nauyi da inda ya karkata, ka ga kana iya farawa da sauƙi ka riƙa ƙarawa. Ko wanne ne dai, ka ari na abokin wasa ka buga cikakken wasa da shi. Simash biyar na farko kowane raket mai tauri daɗi yake yi. Ka jira saiti na uku, lokacin da kafaɗa ta gaji, ka ga ko kan raket ɗin yana isa wurin ƙwallo a kan lokaci a bakin raga, ko víbora ɗinka ta fara tashi sama. Washegari kuma ka saurari gwiwarka. Auna min naka na yanzu a kan yatsa ka turo lambar, da tef nawa ke kan mariƙin, sai mu san daga inda za ka tashi.