Ɗora bene a kan gidan ƙasa: sai an koma neman izini?

Baban Khadija: Assalamu alaikum. Gidan ƙasa ne, wato na bulo mara bene, a Kubwa, Abuja, ɗaki uku da falo, an gina shi da izinin Development Control, ofishin da ke ba da izinin gini a Abuja. Yanzu ana so a cire kwano a zuba dakin (rufin kankare), a ɗora bene. Magini ya ce tunda akwai izini tun farko, ba sai an koma ofis ba. Haka ne?

Injiniya Sani: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba haka ba ne. Izinin da aka bayar na zanen da aka buga wa hatimi ne, wato gidan ƙasa. Ƙara hawa sabon aiki ne, sai an kai sabon zane: na mai zanen gini mai rajista da ARCON (hukumar rajistar masu zanen gini), da na injiniya mai hatimin COREN (hukumar kula da aikin injiniyoyi), tare da takardun fili da tsohon izinin. In aka fara babu wannan, jan fenti ne a katanga da takardar dakatar da aiki, daga nan tara ko rusau.

Amma abin da ya fi damuna harsashin ne. Galibin gidajen ƙasa kankare ake shimfiɗawa a ƙarƙashin bulo, sau da yawa ko rodi babu, domin kwano da katako kawai zai ɗauka. Dakin mai kaurin inci shida kuwa, kowace murabba'in mita ta kai kilo 360, ba a sa bangon sama da mutane da kaya ba. Sai injiniya ya tona gefen harsashi ya gani da idonsa, ya gwada ƙarfin kankaren da ƙasar. Yawanci sai an tona sabbin ramuka an tayar da ginshiƙai, kowanne da rodi huɗu na milimita 16, ko yadda lissafinsa ya nuna. Kada a yarda a ɗora dakin a kan bulo zalla.

Malam Ɗanjuma Magini: Gaskiya Injiniya ya faɗa. Ranar zubi a tsaya a kan ma'auni: buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Leburori suna son ƙara ruwa don kwaɓi ya yi sauƙin ɗauka, shi ne ke kashe ƙarfin kankare. A riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma kada a cire katakon tokare kafin mako uku. A sa 'yan guntayen kankare a ƙarƙashin rodi don kada ya kwanta a kan katako; in ya fito fili, tsatsa ce za ta ci shi.

Maman Ilham: Alhaji, kafin ka kashe kuɗin zane, a fara duba takardar filin a AGIS, ofishin bayanan filaye na Abuja, domin akwai filaye a gefen gari da takardarsu ta ƙaramar hukuma ce, ba a kammala daidaita ta ba. A kuma gaya wa mai zane ya lura da tagogin sama, kada su leƙa tsakar gidan maƙwabta. Ya ɗaga su sama ko ya juya su wajen titi tun a takarda.