Zaman kallon Cosmos da na haɗa yana watsewa, a ba ni shawara

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da na tara abokai muka ce duk mako za mu kalli kashi ɗaya na Cosmos, shirin talabijin a kan sararin samaniya wanda Carl Sagan ya gabatar a 1980, sannan mu tattauna. Kashi 13 ne, kowanne kusan awa guda. Ina yaro na fara ganin shirin nan wajen marigayi kawuna, a wani kaset ɗin bidiyo da ya sha jiki har hoton na rawa. Ba na jin Turancin, shi yake tsayar da kaset ya fassara mini. Har yau ina tuna daren da ya soke tsinke biyu a jikin kwali, ya lanƙwasa shi a ƙarƙashin fitila, ya ce in dubi yadda inuwar ɗaya ta fi ɗayar tsawo. Allah Ya jiƙansa. To mu 14 muka fara, yanzu a kashi na huɗu mu biyar ne. Akwai wani a cikinmu, ana tsaka da kallo sai ya ce a tsaya, wannan bayanin ya tsufa. In canja shiri ne, ko in yi masa magana?

Malamin kimiyya: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mutumin nan gaskiya ya faɗa, kai ne ba ka son ji. Sagan ya yi lissafin shekarun sararin samaniya a kan biliyan 15, yau ana cewa biliyan 13.8. A lokacinsa Fuluto na cikin duniyoyi tara, a 2006 aka cire ta. Ba a tabbatar da ko duniya ɗaya da ke zagaya wani tauraro irin Rana ba sai 1995, yanzu waɗanda aka gano a wajen tsarin Ranarmu sun haura 5,000. Ku koma sabon Cosmos na 2014 na Neil deGrasse Tyson, shi ma kashi 13 ne, magana ta ƙare.

Wata mamba: Ni abin da ban gane ba, wata biyu amma kashi huɗu? Ina sauran makonnin suka shiga? Haka aka yi mini a ƙungiyar karatun littafi da na kafa. Kowa "ina nan tafe", ranar zama daga ni sai kujeru. Ɗaya har ta ari littafina, shekara ke nan.

Mai neman shawara: 'Yar'uwa, an ɗage zaman ne sau uku ko huɗu, ba laifina ba ne. Malam, ni ba don alƙaluma na zaɓe shi ba. Na 2014 na gani, hotunansa sun fi kyau, amma bai shige ni ba.

Wani mamba: Kada ka canja. Labarin da kawunka ya nuna maka, na Eratosthenes ne, masanin zamanin da da ya auna kewayen duniya, a kashi na farko: ranar da yini ya fi tsawo a shekara, da rana tsaka a garin Aswan na Masar sanda ba ta da inuwa, a Iskandariya kuwa inuwa ta karkata kusan digiri 7, tazarar garuruwan kusan kilomita 800. Digiri 7 kusan kashi ɗaya ne cikin 50 na da'ira, ka ninka 800 sau 50, ga kewayen duniya, kilomita 40,000. Me ya tsufa a nan? Ku naɗa mai gyaran nan ya riƙa kawo abin da ya canja bayan an gama kallo, minti goma. Mai son a ji shi, a ba shi fili.

Malamin kimiyya: Fili kuma? Ai sai ya cinye zaman. Kuma ba alƙaluma kaɗai ba, yadda Sagan ya ba da labarin Hypatia, masaniyar lissafi ta zamanin da, da ɗakin karatu na Iskandariya ma masana tarihi sun yi masa gyara. Shekara 20 ina koyarwa, abin da ya fara shiga kan mutum shi yake zama, ko da kuskure ne. Na sha faɗa a wurin aiki a sabunta littattafanmu, wa ya saurare ni?

Wata mamba ta biyu: Tambaya ɗaya. A wane kashi mutanen suka fara janyewa? Don kashi na biyu a kan asalin halittu da sauyawarsu yake, kuma na san yadda irin wannan hirar take ƙarewa. Ka tambayi waɗanda suka tafi?

Mai neman shawara: An ɗan yi musu a ranar, amma ba wani abu ba ne, kowa ya tashi lafiya. Ban tambaye su ba, ba na son ya zama kamar roƙo nake. Ni dai na san da mutumin nan zai yi shiru, da komai ya tafi daidai. Kashi na biyar a kan duniyar Mas ne, shi na fi so, kuma ba zan tsallake ko ɗaya ba.

Malamin kimiyya: To me ya kawo ka neman shawara?

Wata mamba: Shi mai gyaran, yana cikin biyar ɗin da suka rage?

Mai neman shawara: Yana ciki. Shi ne ma bai taɓa fashi ba.