Wa ke sa ido kan shugabannin kamfani daga waje?

Sadiya: Salamu alaikum. Idan masu hannun jari sun yi yawa, kowa da ɗan kasonsa, wa ke hana shugabanni yin yadda suka ga dama da kuɗin?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Mai bin bashi ya fi kowa sa ido. Banki kan gindaya sharuɗɗa: misali kada bashi ya wuce ninki 3 na ribar shekara, a kuma kawo lissafi duk wata 3. In aka saɓa, yana iya ƙara kuɗin ruwa ko ya nemi kuɗinsa nan take. Tsoron haka ne ke sa wasu ƙawata lissafi.

Hajiya Rabi: Gaskiya ne, Malam. Kuma masu binciken kuɗi, kamfanin da suke dubawa ne ke biyansu. Enron, wani kamfanin makamashi na Amurka, ya durƙushe a 2001, kamfanin binciken kuɗi na Arthur Andersen na duba littattafansa yana kuma karɓar kuɗin shawara. Dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 a Amurka ta taƙaita haɗa ayyukan biyu.

Auwal: Kasuwa ma fa. In farashin hannun jari ya faɗi, wani zai saye rinjaye da araha ya sauke shugabannin. Sai dai inda iyali ɗaya ke riƙe da rinjayen ƙuri'u, wannan barazanar ba ta tasiri.