Wai da gaske jirgin sama na shan man da muka gama tuya da shi?

Maman Khalifa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Shekara 11 ke nan ina tuyar awara a ƙofar gida. Jiya ɗan yayana da ke karatu a kwalejin tuƙin jirgin sama ta nan Zariya ya tarar ina juye baƙin man da ya gama aiki, ya ce, "Gwaggo, wannan a Turai kuɗi ne." Wai a 2023 wani jirgi ya tashi daga Landan har Amurka da man da aka tace daga irinsa, kuma motoci da jiragen ruwa ma rububinsa suke. Tun jiya hankalina bai kwanta ba. Waken suya nake saya, mai nake saya. In masu jirage suka shigo kasuwarmu, ina za mu sa kanmu?

Malamin Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yaron bai yi ƙarya ba. Tarayyar Turai ta wajabta cewa daga 2025 kashi 2 cikin 100 na man jirgin sama ya zama irin wannan, a 2030 ya kai kashi 6. Mota tana iya komawa lantarki ko gas, amma babban jirgi ba zai ƙetare teku da batir ba, nauyi ya yi yawa. Dokarsu ba ta lissafa man da aka matso daga amfanin gona na abinci, shi ya sa suke bin tsohon man tuya da kitse. To amma tsohon man nan kaɗan ne, kuma da ma masu haɗa dizal na mota ke amfani da shi. In jirgi ya fi su tayi, sai su koma kan sabon man waken suya da manja. Ta nan abin zai iya taɓa kaskonki.

Direban Tirela, Kwangila:
Malam, ni dai a fara ba mu masu mota irin wannan mai kafin jirage. Tumatir da masara a bayan mota suke zuwa Legas, ba a jirgi ba. A 2025 Indonesiya ta kai kashi 40 cikin 100 na man manja a dizal ɗinta. Mu a Najeriya tun 2007 aka fitar da tsarin man tsirrai, amma duk yawon da nake ban taɓa shan sa a gidan mai ba.

Ɗan Kasuwar Giwa:
Hajiya, ki tuna da manomi ma. Bara na ga masu kukan sun sayar da waken suya bai mayar musu da kuɗin noma ba. Ƙarin mai saye alheri ne gare su.

Maman Khalifa:
Alhaji, ban ƙi manomi ya samu ba, mahaifina manomi ne a Soba. Amma yaran makarantar da ke sayen awarar naira 100 fa? Sau biyu ina rage girman yanka bana, har kunyar miƙa musu nake ji.