Neman shawara: manoman da na haɗa wa na'urar kunna famfo sun daina amfani da ita

Mai tambaya, daga Samaru

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Na karanci injiniyan lantarki, kuma a bana na haɗa wata ƙaramar na'ura mai kunna famfon sola da kashe shi daga nesa, domin masu noman rani a bakin kogin Galma. A cikinta akwai allon ESP32, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa ta, da SIM800L mai ɗaukar layin waya, da abin da ke gane ko ruwa yana gudana a bututu, sannan na rubuta manhajar Android da manomi zai riƙa ba ta umarni. Na sanya wa mutum shida, amma da na koma bayan mako uku sai na tarar huɗu sun cire wayoyinta sun haɗa famfon kai tsaye. Wani dattijo ya ce mini ya danna, manhajar ta nuna masa kore, ya kama hanyar kasuwar Sabon Gari hankalinsa kwance, da ya je gona bayan la'asar sai ya iske ko ɗigo bai shiga kwamin tumatirinsa ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin amana ya ba ni. Shin fasalin manhajar zan sake, ko kuwa matsalar tana wani wuri?

Wani injiniya, daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka taɓa launi ko girman madanni, ka duba abin da koren nan yake nufi a cikin manhajar da ka rubuta, domin ina kyautata zaton yana kunnuwa ne da zarar umarnin ya bar wayar manomi. Ke nan manhajar ta ba da labarin abin da ba ta gani ba. Matakai uku ne, kuma ya kamata kowanne ya fito daban: an aika umarni, na'ura ta karɓa, ruwa ya fara gudana. Kada kore ya bayyana sai abin da ke bututu ya tabbatar da na ukun, kuma ka rubuta lokacin da aka ji daga na'urar na ƙarshe, domin labarin awa biyar da suka wuce ba labarin yanzu ba ne. Idan da MQTT kake aiki, wato tsarin musayar saƙo tsakanin na'urori ta intanet, akwai saƙon wasiyya da na'ura ke ajiyewa a sabar, wato kwamfutar da saƙonnin ke bi ta cikinta, wanda za a watsa idan ta yanke ba sallama, sai manhajar ta nuna cewa an rasa ta.

Sai batun wuta, wanda nake zargin shi ne silar yankewar. SIM800L yana buƙatar tsakanin bolt 3.4 da 4.4, kuma a lokacin da yake neman sabis yakan fizgi har amfiya 2 cikin ƙiftawar ido. Idan wayar da ke ciyar da shi siririya ce, ko babu babbar kafasita mai ajiye wuta na ɗan lokaci a kusa da shi, ƙarfin wutar zai faɗi ya mutu, musamman a fadama inda sabis yake da rauni. A kan teburinka na Samaru ba lallai ka ga wannan ba. Ka kuma kunna agogon tsaro na ESP32, wanda ke sake tayar da allon idan ya daskare.

Wata mai tsara manhajoji, daga Kongo

Malam, sannu da ƙoƙari. Na yarda da bayanin Yaya injiniya, amma tambayata ita ce: wane ne yake tsayawa a bakin famfon kullum? A mafi yawan gonakin da na sani, mai gona yana gari, yaron da ke ban ruwa ne a wurin, kuma ƙaramar waya mai madannai ce a aljihunsa, hannunsa duk taɓo. Shi ne mai amfani da na'urarka na gaskiya, kuma ba ka tanadar masa komai ba. Cire wayoyin da suka yi ba raini ba ne, sun nuna maka ne cewa suna bukatar makunni a jikin akwatin wanda zai yi aiki ko da sabis ko babu, tare da fitila mai hasken da za a iya gani a tsakar rana. Kada ka dogara da launi kaɗai, domin akwai mazan da ba sa bambance ja da kore. Ka sa fitilu biyu, ɗaya ta tsaya, ɗaya ta riƙa walƙiya.

Ga mai gona kuwa, saƙon tes ya fi manhaja isa gare shi. Sai dai ka lura da wani abu: saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da ka saka ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, saboda ba sa cikin jerin haruffan GSM na asali, wasu ƙananan wayoyin ma akwatuna za su nuna a madadinsu. Ka zaɓi kalmomin da ba su da lanƙwasa, kamar "Ruwa yana zuwa" da "Famfo ya tsaya". Dattawa da yawa sun fi sakewa da ajami a kan boko, don haka gajarta saƙon ta fi komai. Daga nan ka ɗauki akwatin ka je gona, ka miƙa wa mutum biyar ɗaya bayan ɗaya, ka ce su kunna ruwa, ka yi shiru kana kallon inda hannunsu zai fara zuwa.

Wani mai gyaran sola, daga Kwangila

Ƙarina kaɗan ne. Idan za ka karɓi umarni ta tes ko ta filashin, ka sa na'urar ta saurari lambobin da mai gona ya yi wa rajista kawai, in ba haka ba duk wanda ya san lambar zai iya bar masa famfo a kunne ya wuni. Ka kuma fayyace tun farko wanda zai riƙa sa wa layin kuɗi, domin layin da aka daɗe ba a taɓa shi ba kamfani yakan karɓe shi. Akwatin ma ya zama wanda ƙurar hunturu ba ta shiga, kuma a kafe shi a inuwar faifan sola saboda zafin bazara.

Mai tambaya

Allah ya saka muku da alheri. Na duba, kuma maganar Yaya injiniya haka take: koren yana fitowa ne tun kafin na'urar ta amsa. Zan gyara wannan da batun kafasita a makon nan, ranar Asabar kuma in koma wurin dattijon da akwati mai makunni, in ba shi haƙuri, in roƙe shi ya bar yaronsa ya gwada a gabana. Abin da ya rage mini shi ne idan yaro ya kashe a gona, mai gona kuma ya kunna daga gari, umarnin wa za a bi?

Mai tsara manhajoji, daga Kongo

Na wanda ke gona, Malam, domin shi ne yake ganin ko bututu ya fashe ko wani yana gyara a jikin famfon. Sai na'urar ta aika wa mai gona tes cewa an kashe da hannu, kuma kada ta karɓi umarnin nesa sai an mayar da makunnin.