Muhawara: Shin idon ɗan Adam ne ke sauya halin ilektiron?

Malam Bashir: Da'awar da na kawo ita ce wadda ake yawan jingina wa kimiyyar kwantum, wato ilimin halayen ƙwayoyin halitta mafi ƙanƙanta, cewa ƙananan ƙwayoyi ba su da tsayayyen hali sai mai hankali ya dube su. Ina goyon bayanta, hujjata kuwa gwajin tsaga biyu. Idan aka riƙa harba ilektiron, wato ƙaramar ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, ɗaya bayan ɗaya zuwa shinge mai tsaga biyu, kowanne yana sauka a allon da ke baya a matsayin ɗigo guda, amma da ɗigon suka taru sai su fito ratsi-ratsi, nan cunkushe, can fayau, kamar igiyoyin ruwa biyu da ke ƙarfafa juna a wani wuri, su kashe juna a wani. Akira Tonomura da abokan aikinsa sun nuna irin wannan a Japan a 1989. Da zarar kuma an sa na'urar da ke gano tsagar da ilektiron ya bi, sai ratsin ya ɓace. To me ya sauya in ba saninmu ba?

Dakta Halima: Malam Bashir, yadda ka bayyana gwajin daidai ne, amma ka ba kanka amsa ba ka lura ba, domin cewa ka yi an sa na'ura, ba ka ce an sa mutum ba. Kalmar kallo ce ke ruɗar da masu karatu. A wajen masana, awo shi ne duk wata cuɗanya da ta bar alamar hanyar da ƙwaya ta bi a jikin wani abu dabam, ko akwai mai karanta alamar ko babu. Da za a kunna na'urar a kulle ɗakin, a tafi hutu, ratsin zai ɓace kamar yadda yake ɓacewa a gaban jama'a.

Malam Nura: Ni a fahimtata abin ya fi haka sauƙi. Ba a iya ganin ilektiron sai an haska shi, hasken kuma yana bangaje shi ya kauce hanya, kamar yadda masanin kimiyya Werner Heisenberg ya misalta a 1927.

Dakta Halima: Wannan misalin yana taimaka wa mai fara koyo, Malam Nura, amma bai isa ba. Ga gwajin da nake so ku duba da kyau. A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, a 1999, tawagar Anton Zeilinger ta samu ratsin nan ta hanyar harba dunƙule mai ƙwayoyin zarra 60 na sinadarin kabon a maimakon ilektiron. A 2004 suka ɗauki dunƙule mai kabon 70, suka riƙa gasa shi da hasken leza kafin ya shiga na'urar. Yana da ɗan sanyi, ratsin ya fito sarai. Da zafin ya ƙaru sai ya fara dishewa a hankali, har ya ɓace da aka kai wajen digiri 3000 a ma'aunin Kelbin. Dalili shi ne abu mai zafi yana fitar da haske, kuma kowane ɗigon haske da ya fita yana ɗauke da labarin inda dunƙulen yake. Babu wanda ya kama wannan hasken balle ya karanta shi, bangon na'urar ya sha shi. Labarin ya fita kawai, ratsin ya mutu. Ku lura kuma da yadda ya dishe sannu a hankali, gwargwadon zafi, alhali hankalin masu gwajin bai ƙaru ba bai ragu ba.

Malam Bashir: Na ji wannan, Dakta, amma kada a mai da ni kamar wanda ya ƙago magana. John von Neumann ya nuna a 1932 cewa na'urar awo ita ma da ƙwayoyi aka yi ta, don haka dokar kwantum ta hau kanta; idan ilektiron yana cikin hali biyu, wato kamar ya bi tsagogin biyu a lokaci guda, lissafi zai sa na'urar cikin hali biyu, haka wadda ke auna na'urar, sarƙar ta yi ta tafiya. Eugene Wigner, wanda ya ci kyautar Nobel, ya ce a 1961 hankali ne ke yanke sarƙar. Shi ma bai fahimci kalmar kallo ba ne?

Malama Asma'u: A nan ina ganin Malam Bashir ya taɓo inda yake ciwo, kuma bai kamata a wuce da sauri ba. Gaskiya ne Wigner ya janye daga ra'ayin daga baya, bayan aikin da Dieter Zeh ya fara a 1970 kan yadda muhalli ke lalata ratsin. Sai dai wannan bayanin yana gaya mana dalilin da ya sa ba ma ganin cakuɗuwar halaye biyu ne, bai gaya mana dalilin da ya sa sakamako ɗaya tak ke aukuwa ba. Ƙa'idar Max Born ta 1926 tana ba da yiwuwar kowane sakamako daidai wa daida, amma ta yi shiru kan yadda yiwuwa ke zama abin da ya faru. Kyanwar da masanin kimiyya Erwin Schrödinger ya kawo misali da ita a 1935, wadda aka rufe a akwati aka rataya ranta ga halin wata ƙwaya, har lissafi ya bar ta ba a raye ba ba a mace ba, ya kawo ta ne don nuna wannan ɓaraka, ba don a yi ta mamakinta ba.

Dakta Halima: Na amince, Malama, matsalar awo tana nan ba a rufe ta ba. Abin da nake ƙi shi ne a cike ramin da batun hankalin ɗan Adam a ce kimiyya ta tabbatar. Akwai masu neman cike shi ba tare da sa hankalin ɗan Adam a ciki ba: David Bohm a 1952 ya ce ƙwayar tana da wurinta kullum, igiya ce ke jagorantarta, Hugh Everett a 1957 ya ce duk sakamakon suna aukuwa a rassa mabambanta, ra'ayin da ni kaina yake yi mini nauyin haɗiya. Sannan ku dubi babbar na'urar CERN, cibiyar binciken ƙwayoyi ta Turai, mai zagayen kilomita 27, inda tarin ƙwayoyin da ake kira furoton ke gamuwa sau miliyan 40 a daƙiƙa guda. Kwamfuta ce ke zubar da mafi yawan bayanan nan take, ta adana kaɗan, a duba su bayan watanni. Shin za mu ce ƙwayar Higgs, wadda aka sanar an gano ta a wannan na'ura a 2012, ta zauna jiran ɗalibin da zai buɗe fayil?

Malam Bashir: Mai ra'ayina zai iya cewa e, ta jira, kuma ba ki da gwajin da zai ƙaryata shi, tunda kowane sakamako sai mai hankali ya gani kafin a san shi.

Dakta Halima: Ai wannan rauni ne gare ka, Malam, ba ƙarfi ba, domin da'awar da babu gwajin da zai iya kayar da ita ba za a ce gwaji ya tsayar da ita ba. Kwatanta ta da shawarar Ghirardi da Rimini da Weber ta 1986, cewa cakuɗuwar tana rushewa da kanta, kuma tana saurin rushewa gwargwadon girman abu. Wannan ana iya gwada ta, shi ya sa ake ta ƙara girman dunƙulen da ake harbawa. A 2019, a Biyana dai, an samu ratsin da dunƙule mai ƙwayoyin zarra har 2000. Ka faɗa mana abin da ra'ayinka ya hango a irin wannan gwaji wanda sauran ba su hango ba, sai mu san inda za mu sa na'ura.