Wai da gaske Sugar Ray Robinson gudun Charley Burley ya yi?

Abban Khairat: Salam 'yan uwa, yau dai zan taro aradu da ka. Kullum in ana lissafin gwanayen damben boksin sai a ce Sugar Ray Robinson ne na ɗaya a tarihi, to ni ina da ja, don akwai mutumin da ya yi ta zille wa har mutumin ya ajiye safar dambe, sunansa Charley Burley ɗan Pittsburgh a Amurka. Daga 1936 zuwa 1950 ya yi dambe 98, ya ci 83, guda 50 bugun kwaf ɗaya, kuma a wasanni 12 da ya faɗi babu wanda aka gama da shi kafin lokaci, duk da maki aka ci shi. Amma ko sau ɗaya ba a ba shi damar neman kambun duniya ba, ƙarshe ma aikin kwasar shara ya koma yi a garinsu. Ni dai na ce tsoro ne, Robinson tsoronsa yake ji. Mai ja bismillah

Sani Fagge: Haba Abban Khairat, tsoro fa ka ce? Mutumin da ya yi dambe wajen 200, ya kara da Jake LaMotta sau shida, ya kara da Kid Gavilan, Carmen Basilio, Gene Fullmer, shi ne zai ji tsoron wani? Ka dai sake lale

Abban Khairat: To me ya hana su haɗu? Zamani ɗaya, ƙasa ɗaya, nauyinsu ba nisa

Maman Iman: Ni wlh yau na fara jin sunan Burley ɗin nan. Wa ya taɓa doka da har za a ce ana gudunsa? Don ka san akwai masu tara lamba da ƙananan 'yan dambe

Baba Habu: 'Yata tambayarki ta yi, kuma a nan ɓangaren Abba na da gaskiya. Mutum uku da Burley ya doka sun zo sun zama zakarun duniya daga baya. Fritzie Zivic sun kara sau uku tsakanin 1938 da 1939, Zivic ya ci na farko Burley ya ci biyun baya. Billy Soose kuma Burley ya doke shi a 1938, shi kuma Soose ya ɗau kambun matsakaita nauyi a 1941. Sai babban, Archie Moore, wanda ya kwantar da mutum sama da 130 a rayuwarsa, a 1944 a Hollywood Burley ya yi ta kai shi ƙasa yana tashi har aka gama turmi goma ya ci shi da maki. Moore da bakinsa ya sha faɗa cewa a duk waɗanda ya kara da su Burley ne ya fi, kuma ku tuna wannan mutumin ya shiga fage da Rocky Marciano da Ezzard Charles har da Muhammad Ali yana yaro. Eddie Futch ma, kocin Joe Frazier, ya ce bai ga ɗan damben da ya haɗa komai kamar Burley ba

Abban Khairat: Allah ya ƙara girma Baba. Ka ƙara musu da J.D. Turner, ƙaton ajin manya masu nauyi da ya fi shi da wajen kilo 30, a 1942 Burley ya lallasa shi har aka tsayar da wasa

Baba Habu: Tsaya Abba kar ka yi saurin murna, ban gama ba. Cewa Burley gwani ne daban, cewa Robinson ne ya hana shi kambu daban. Ka duba shekaru mana. Robinson ya shiga damben kuɗi a Oktoban 1940 yana siririn yaro ɗan shekara 19, lokacin Burley ya shekara huɗu a ciki. Robinson bai riƙe kambun komai ba sai Disambar 1946 da ya doke Tommy Bell ya ɗau na ajin welta, mai iyakar fam 147, a lokacin kuwa Burley ya daɗe da komawa ajin matsakaita na fam 160. Ranar da Robinson ya zo ya ɗau kambun matsakaitan daga hannun LaMotta a Fabrairun 1951, Burley ya riga ya yi ritaya. To ka gaya min, wane kambu ne Robinson ya riƙe ya hana Burley?

Sani Fagge: Shi ke nan an gama, Baba ya rufe taro 😂

Abban Khairat: Wane taro aka rufe, yanzu ma aka fara. Ni ban ce sai wasan kambu ba Baba. Robinson ya kara da LaMotta sau biyar tsakanin 1942 da 1945 ba kambu a tsakani, kuma a wasan Detroit na 1943 da LaMotta ya doke shi ya fi shi nauyi da fam 16. To in zai iya shiga da ƙaton matsakaici irin LaMotta, maganar nauyi ta faɗi kenan, Burley ai bai kai LaMotta jiki ba. Har Aaron Wade da Burley ya doka a baya Robinson ya yarda ya kara da shi a 1950 bayan mutumin ya gama yayi. Kuma labari ya shahara cewa an kusa ƙulla wasan sai Robinson ya ninka kuɗin da yake nema don magana ta watse

Maman Iman: Ninka kuɗi ai ba tsoro ba ne Abban Khairat, ciniki ne. In ka ga aiki mai haɗari ka tsuga kuɗi sai a ce ka gudu?

Abban Khairat: In ka faɗi kuɗin da ka san babu mai biya ai ƙi ne cikin ladabi Hajiya

Koci Iro: Ku bar ni in sa baki a matsayina na mai koyar da yara. Akwai faifan Burley guda ɗaya da ke yawo a YouTube, wasansa da Oakland Billy Smith a 1946, baƙi da fari ba murya, ku je ku kalla kafin ku ci gaba da musu. Mutumin hannu a ƙasa yake dambe, na hagu na lilo wajen cinya, ya jingina nauyinsa a ƙafar baya ya karkace kai, kamar wanda bai damu ba. Smith ya kawo naushi sai ya ɗan ja baya kaɗan naushin ya wuce ta gaban hanci, kafin Smith ya mai da hannu ya daka tsalle ya sauke masa dama, sai ya rungume shi alƙali ya raba, a sake daga farko. Haka aka yi ta yi turmi goma, kuma Smith ya fi shi girma nesa. Ni da na san abin ina kallo ina jinjina kai, amma ɗan kallon da ya biya kuɗinsa don ya ga jini hamma zai yi ta yi. Matsalar kenan. LaMotta yana tahowa da ka kamar sa, a dake shi ya daka, ga Italiyawan New York na cika zaure saboda shi. Burley zai iya doke ka, in bai doke ka ba ya sa ka zama abin dariya, sannan kuɗin ƙofa ba su taka kara sun karya ba. Wane manaja mai hankali ne zai kai yaronsa can

Sani Fagge: Yauwa Koci. Lissafi ne ba tsoro ba

Abban Khairat: A dambenmu na gargajiya dai in aka nuna ka a fage ka ce kuɗin bai yi maka ba, kafin ka kai gida makaɗa sun saka ka a waƙa, ba ruwansu da lissafinka 😂

Musa Damagaram: Ni abin da ban gane ba, kuna ta kewaye-kewaye kun ƙi faɗin gaskiya. Wariyar launin fata ce kawai. Amurka ce fa ta shekarun 1940, Burley da su Holman Williams da Lloyd Marshall da Cocoa Kid da Eddie Booker da Jack Chase da Bert Lytell duk baƙaƙe ne, babu ko ɗaya da ya samu wasan kambu, sai aka bar su suna ta jibgar junansu a kan kuɗi kaɗan. Burley da Williams kaɗai sau bakwai suka kara, kowa ya ci uku ɗaya aka soke. A lokacin har wani kambu na daban ake da shi na baƙar fata zalla, Burley ya ci na welta a hannun Cocoa Kid a 1938. Kuma mutumin nan tun yana yaro ya ƙi neman zuwa gasar Olamfik ta Balin a 1936 saboda Hitila, ya zaɓi wasannin ma'aikata na Basalona, yaƙin basasar Sifaniya ya hana a yi

Maman Iman: Amma Malam Musa a lokacin nan ba Joe Louis ne zakaran manya ba? Shi ma ai baƙi ne, Robinson ɗin ma baƙi ne

Baba Habu: Ki ƙara da Henry Armstrong, da ya riƙe kambun welta daga 1938 zuwa 1940, daidai lokacin da Burley ke kan ganiyarsa a ajin, shi ma bai ba shi dama ba. Wariya na nan Musa, ban musa ba, amma yadda take aiki shi ne baƙi sai ya zama mai jawo kuɗi ninkin ba ninkin kafin a buɗe masa ƙofa, fari kuwa in ya iya daidai gwargwado ya wadatar. Shi kansa Robinson sai da ya yi dambe sama da 70 yana faɗuwa sau ɗaya tak kafin a bar shi ya taɓa kambu. Archie Moore sai Disambar 1952, yana dab da shekara arba'in. In kuna neman waɗanda suka ci amanar Burley ni ga nawa. Na farko ɓangaren Zivic, bayan ya sha kashi sau biyu manajansa Luke Carney ya saye kwantiragin Burley, shi kuma Zivic ya doke Armstrong a Oktoban 1940 ya zama zakara, mutumin da ya fi cancanta ya ƙalubalance shi kuma yana aljihun manajansa, wa zai haɗa wasan? Na biyu yaƙin duniya, Freddie Cochrane da ya karɓe kambun daga Zivic a 1941 ya tafi sojan ruwa, Tony Zale na matsakaita shi ma haka, aka kulle kambunan nan har 1946, shekarun da Burley ya fi ƙarfi kenan suka tafi a banza. Zale na dawowa kuma sai ya zaɓi Rocky Graziano suka yi sau uku, na biyun a Chicago kuɗin ƙofa kaɗai sun haura dala 400,000

Sani Fagge: Kuma tunda ana tone-tone, Zivic ɗin nan da ake kuri da shi Robinson ma ya doke shi sau biyu, na biyun ma tsayar da wasa aka yi. Sannan Abba ka ɓoye mana Ezzard Charles. Yaro ɗan shekara 20 ya zo har Pittsburgh a 1942 ya doke Burley sau biyu cikin sati biyar. Jimmy Bivins ma ya doke Burley, Lloyd Marshall ya doke shi. Wannan ne dodon?

Abban Khairat: Ban ɓoye ba ai na ce ya faɗi sau 12. Charles ɗin da kake faɗa shi ne ya zo ya zama zakaran manya masu nauyi a 1949 har ya doke Joe Louis, Bivins da Marshall duk sun fi shi jiki. Wato shi yana hawa sama yana neman ƙatti don na ajinsa sun ƙi shi. Ka nuna min ranar da Robinson ya shiga da Charles ko Marshall ko Williams

Koci Iro: A nan kam Sani ba ka da amsa. LaMotta da ake raina wa fasaha shi ya shiga da Marshall da Lytell da Williams, Marshall ma ya doke shi a 1944. Amma shi ma LaMotta bai taɓa karawa da Burley ba

Musa Damagaram: LaMotta ɗin da ya faɗa wa majalisar dattawan Amurka a 1960 cewa da gangan ya faɗi wasansa da Billy Fox a 1947 don 'yan mafiya su ba shi wasan kambu. Ku ga yadda ake samun dama a lokacin. Shi Burley ana cewa ƙin irin wannan harka na cikin abin da ya dakushe shi

Maman Iman: Allah sarki. To an dai karrama shi daga baya ko haka ya tafi?

Baba Habu: An saka shi a zauren girmamawa na 'yan damben duniya da ke Canastota a jihar New York a 1992, ya mutu a Oktoban shekarar yana da shekara 75

Abban Khairat: Ni dai ina nan kan bakana. Daga 1942 zuwa 1946 Robinson na da sunan da in ya ce Burley yake so gobe za a haɗa wasan, kuma bai ce ba

Sani Fagge: Zale ma bai ce ba, Graziano bai ce ba, LaMotta bai ce ba, Armstrong bai ce ba, kai Marcel Cerdan ma da ya kara da Williams a Paris bai ce ba. Me ya sa Robinson kaɗai ka kama?

Abban Khairat: Don su babu wanda ke kiransu na ɗaya a tarihi